Wasiƙar Akawu ga Autansa

Akawu muke ce masa tun muna aji huɗu a makarantar mishan, domin shi kaɗai ne ba ya ɗiga tawada a littafi. Sunan ya bi shi har tsufa. Shekara talatin da takwas ya yi a barandar gidan waya yana buga wa mutane wasiƙa da tafireta, a kan wani teburi mai gajeruwar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da marfin kwalba. Ya sasanta masu haya da masu gida, ya dawo da mazan da suka yi nisan kiwo.

Wasiƙa ɗaya ce ta gagare shi, ta autansa. Ranar da yaron ya ajiye koyarwa ya kama walda, Akawu ya faɗa masa maganar da uba ba ya faɗa wa ɗa. Auta ya tattara ya koma wani gari, tafiyar yini guda a mota. Shekara shida yana kiran uwarsa, ubansa kuwa ko sallama.

Bara Akawu ya zauna ya rubuta shafi huɗu da hannunsa. Gaisuwa ta ci shafi guda, ban haƙuri yana cikin na uku. Sai shakka ta kama shi, wai yaran yanzu ba sa karanta dogon abu. Ya ɗauki wayar da 'yarsa ta saya masa, ya shiga neman yadda ake rubutu. Duk shawarar da ya gani sai ya kwafe ta a littafi, da lamba, kamar yadda muke kwafe darasi daga allo. Da suka kai arba'in ya kawo mini.

"Hedimasta, duba mini. Wannan ya ce in fara da labari, wancan ya ce labari ɓata lokaci ne. Wa zan bi?"

Mu an raine mu a kan cewa abin da aka buga ba ya ƙarya. Ba mu taɓa ganin bugagge ya ƙaryata bugagge ba. Cikin masu shawarar na zaɓi wani saurayi mai kwat, saboda an rubuta mutum miliyan biyu ke bin sa. Dokokinsa uku ne: cire gaisuwa, kada ka wuce layi uku, faɗi abin da kake so da ranar da kake so. Ban lura cewa 'yan kasuwa yake koya wa rubutu ba. Ni na riƙe jan biro. Ga abin da ya saura:

"Ka zo gida kafin Asabar. Akwai magana. Kada ka makara. Mahaifinka."

Matarsa ta saurara, ta ce, "Malam, wannan wasiƙa ce ko sammaci?"

"Ke dai ba ki san zamani ba," in ji shi.

Abin da mu biyu muka manta, da furfurarmu, shi ne wasiƙa marar gaisuwa a wurinmu abu ɗaya take nufi: mutuwa ta zo ko tana hanya. Da wasiƙar ta isa, Auta ya kira uwarsa, ta ce lafiya lau, ya ɗauka ɓoye masa ake yi kamar yadda aka saba. Ya rufe shago ya shiga mota.

Ina wurin ya shigo, idanunsa jajur, takalmi a hannu. Ya tarar da ubansa a kan tabarma yana sa wa tafireta mai.

"Baba, kai ne zaune?"

"Ni ne. Ka iso lafiya?"

"Tun asuba nake kuka a mota, mutane suna ba ni haƙuri. Mece ce maganar?"

Akawu ya buɗe baki, ya dube ni. Shi bai taɓa iya magana ba sai a takarda, takardar kuwa tana cikin aljihun teburina, duk na zane ta da ja. Na dubi ƙasa.

"Da ma so nake in gan ka," in ji Akawu.

"To ka gan ni."

Auta ya sha ruwa, ya zauna da uwarsa a ɗaki, ya bi motar dare.

Bayan kwana biyu Akawu ya aiko a karɓar masa shafukansa huɗu. Na ji yana sake kwafe su, kuma bai nemi in duba ba. Matarsa ta ce ya aika tun watan jiya. Amsa ba ta zo ba tukuna.