Mai Gurmi da Waƙar Muntaka

Ranar kasuwar Matamaye, kusa da rumfar masu kanwa, wani baƙo yana zaune kan buzu da gurminsa. Siriri ne, gemunsa ya soma furfura, yatsunsa sun yi kanta saboda kiɗa.

Wani falke daga ayarin Damagaram ya tsaya a kansa. "Yi mini waƙar manoman nan ta Dungu."

"Ba tawa ba ce, maigida," in ji mai gurmin. "Muntaka ne ya ƙaga ta. Baiti biyu ya yarje mini, kuma sai na ambaci sunansa."

Ya ambaci sunan, ya rera baiti biyun, ya ɗora tafinsa kan tsirkiyar gurmin, kiɗa ya tsaya.

Falken ya zaro sabon rawanin turkuɗi. "Ƙarasa ka ɗauka. Wa zai gaya masa?"

Baƙon ya daɗe yana kallon rawanin, don nasa duk ya yage. Sai ya girgiza kai.

Ina zaton shi ma ya taɓa jin waƙarsa a bakin wani, babu sunansa ciki. Jama'a suna watsewa, shi kuwa leɓɓansa suna motsi ba sauti. Ashe ya san sauran waƙar sarai.