Sista Kulu, Uwar da Na Raba da Jama'a

Labarin rasuwar mahaifiyata bai fara zuwa mini ta bakin ɗan'uwana ba. Ina cikin aji da hantsi, a makarantar da nake koyarwa a Tiga, sai wata mata da ban sani ba ta kira wayata tana kuka. Ta ce daga Kwanar Dangora take, tana so in faɗa mata ko gaskiya ne Sista Kulu ta rasu. Na ce mata ban ji ba. Ban kai ga ajiye wayar ba ƙanena Nasiru ya kira ya tabbatar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta yi sallar asuba lafiya, ta karya kumallo, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. A cikin motar da ta kai ni gida Tudun Wada ina kuka ina salati, amma wani tunani ya ƙi barina: har mutuwarta ma wata ta riga ni ji.

Sunanta Hajiya Hauwa'u, mu muna ce mata Inna. Nas ce a asibitin gwamnati. Aka tura ta Kano ta karanci jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, daga baya ta ƙaro horo a kan yadda ake warkar da damuwa ta hanyar zama da tattaunawa. Ta dawo gida a lokacin da mutanenmu ba su san ana zuwa asibiti don a yi magana kawai ba. Aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan wurin karɓar magani, kujera biyu da tulun ruwa. Da farko mutane sukan fito suna ƙorafin ba a yi musu allura ba. Daga baya sai ga su daga Kiru, daga Bebeji, daga ƙauyukan Doguwa, matasa da magidanta, har da matan ruga. Bayan ta yi ritaya suka biyo ta gida, ta mayar da ɗakin da ke kusa da zaure wurin ganinsu.

Ni ce 'yarta ta fari. Inna tana da jinin Fulani ta wajen uwa, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kama sunana. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙannena, ku kira mini yayarku. Na taso na ga haka ake yi a gidaje da yawa, da ba zai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne na san tana da wata murya. Idan aka aike ni asibiti da abincinta, nakan tsaya a bakin labule in ji tana kiran sunan 'yar wani a hankali, tana cewa ta ci gaba, tana jin ta. Ni kuwa idan na dawo daga makaranta da labari, sai in tarar da ita a gajiye, ta saurari mutane tun safe, ta ce in je in ci abinci tukuna.

Ba na faɗin wannan don in rage mata daraja. Ban taɓa ganin mai riƙon amana irinta ba. Wata ranar kasuwa muka haɗu da wata mata da na gani da idona ta fito daga ɗakin Inna idanunta jajir. Inna ta wuce ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce matar ce ke da ikon zaɓar ko ta san ta a cikin mutane. Ta ƙara da maganar da takan yawan faɗa: "Sirrin mutum zanensa ne, ba a kwance masa shi a kasuwa." Har ta koma ga Allah ba mu taɓa jin labarin kowa a bakinta ba, ko mahaifinmu bai ji ba.

Wanda na fi tunawa shi ne Habu, wani matashi daga wajen Doguwa. Labarinsa shi da kansa yake ba da shi yanzu, shi ya sa zan iya faɗa. Shaye-shayen maganin tari ya lalata shi, mahaifinsa ya kawo shi da mari a ƙafa. Inna ta gaishe da dattijon cikin girmamawa, sannan ta ce masa ba za ta ce uffan ba sai an cire ƙarfen, domin ɗaurarre ba ya faɗin gaskiya, abin da zai sa a sake shi yake faɗa. Aka cire. Habu ya yi makonni yana zuwa ba ya magana, ita ma ta zauna da shi a cikin shirun ba ta matsa masa ba, har ranar da ya buɗe baki. A wannan tsakanin sakamakon jarrabawata ya fito, na ci da kyau. Na kai mata, ta duba, ta ce madalla, ta miƙa wa mahaifinmu. Da na sake ganinsa wurinta, na tsaya ina kallon yaron da aka kawo a ɗaure, ina jin da ma ni ce shi.

Sai da na yi haihuwar fari na ɗauka lokacina ya zo. Na dawo gida wankan jego, abubuwa suka rikice mini. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita raina, idan jaririyar ta yi kuka sai in ji kamar in gudu in bar ta. Gwaggonnina suka ce iska ce, aka fara maganar turare da rubutu. Inna ba ta hana addu'a ba, cewa ta yi addu'a da magani ba sa faɗa, amma na ga a idonta ta gane abin da ke damuna. Wata safiya bayan an gama wanka muka rage mu biyu a ɗaki, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ki zaunar da ni kamar yadda kike zaunar da su."

Ta dubi jaririyar, ta amsa. "Ba zan iya ba. Su idan suna kuka ina iya jira su gama. Ke ba zan iya jira ba. Kuma akwai abin da za ki so ki faɗa a kaina, ba za ki faɗe shi a gabana ba."

Na juya mata baya, na ji kamar ta kore ni. Washegari ta ɗauke ni zuwa Kano wurin wata abokiyar karatunta mai irin aikinta, gwaggonni suna mitar ba a fita da mai jego kafin arba'in. Haka muka riƙa zuwa mako-mako. Ina ciki ina magana, ita tana waje a kan benci ta goya jikarta, tana jijjiga ta. Gaskiyarta ce, rabin abin da na faɗa a ɗakin nan a kanta ne. Ba ta taɓa tambayata me na ce ba. A hanyar dawowa takan sa direba ya tsaya ta sayo mini fura da nono, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na warke. Yarinyar nan yanzu tana sakandare.

Hankalina ya daɗe da fahimtar dalilinta, zuciyata ce ba ta gama yarda ba. A zaman makoki gidanmu ya cika da fuskokin da ban sani ba. Habu ya zo da 'ya'yansa, yanzu tela ne mai shago da yara a ƙarƙashinsa, ya durƙusa a zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro. Wani tsohon hedimasta ya gaya wa Nasiru cewa bayan rasuwar matarsa ya daina sha'awar rayuwa, Sista ce ta dawo da shi cikin mutane. Kowa ya buɗe baki sai ya ce uwarsa ce. Wata baiwar Allah daga Kiru ta riƙe hannuna ta ce na yi dace, ni kullum ina tare da ita. Na ce mata haka ne. Ina karɓar gaisuwa, ina jin labaran yadda ta riƙe hannun wannan, ta share wa wancan hawaye, kuma a raina ina ƙyashin kowanne daga cikinsu.

Bayan sadakar uku mutane ba su daina sallama a ƙofar gida ba, wasu ba su ma ji labari ba, sun zo ne a kan ranar da ta sa musu. Muka shawarta da Nasiru a riƙa tura su asibiti wurin wata nas da Inna ta horar, kada wani ya koma gida da nauyinsa saboda babu wanda zai faɗa wa.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Hauwa'u, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta bayinKa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba mahaifinmu da ƙannena da jikokinta haƙurin rashinta, Ka sanyaya zuciyata. Ku kuma da kuka zauna a gabanta ta saurare ku, ku ma marayunta ne, Allah Ya ba ku haƙuri. Kun sami abin da ni da ta haifa ban samu ba, kuma ba zan ce na daina jin zafinsa ba. Roƙona gare ku ɗaya ne: duk sanda kuka idar da salla, ku ambace ta. Amin.