Kyaftin Mai Tuƙa Bas

Duk wanda ya daɗe yana aiki a babban filin jirgin sama ya san Kyaftin, dogon mutumin nan mai furfura a gemu da ke tuƙa bas ɗin da ke kai fasinjoji bakin jirgi. Sababbin ma'aikata kan ɗauka sunan zolaya ne, alhali a da matuƙin jirgi ne na gaske.

Ƙaramin jirgi yake tuƙawa, mai farfela ɗaya, na wata ƙungiya da ke ɗauko marasa lafiya daga garuruwa masu nisa zuwa babban asibiti. An cire kujerun baya an kafa gadon majinyaci. Rumfar ajiye jirginsu na can ƙarshen filin, inda warin mai ke kama tufafi ya ƙi fita. Matarsa kan ce ko ba ta ga shigowarsa ba, hancinta zai gaya mata. Yana son aikin ƙwarai. Sauka ce kawai ba ya so: manyan jirage a jere, wannan na bin wannan, shi kuma a tsakaninsu kamar sauro.

Wata rana ya ɗauko wani magini da ya faɗo daga saman gini, bayansa ya bugu. An ɗaure shi a gado, nas na gefensa tana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Da suka doso filin, sama ta haɗa gajimare, rediyo kuma ya cika da muryoyi. Matar da ke ba jirage umarni daga hasumiya ta ce ya rage tsayi ya karkata dama, ya amsa. Ta sake magana, sai wani matuƙi ya danna nasa rediyon a daidai lokacin, maganar ta koma ƙara kawai.

Yana fitowa daga gajimare ya ga tumbin wani ƙaton jirgin fasinja ya rufe masa sama, tayoyi a sauke. Har ƙusoshin jikinsa ya gani. Kafin ya yi wani tunani ya tura sitiyari gaba iya ƙarfinsa. Jirgin ya yi ƙasa da kai, iskar babban jirgin ta kwashe su ta girgiza kamar za ta yage fukafukan. Kan nas ya bugi rufi. Maginin ya kurma wani ihu da Kyaftin bai taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba.

Sun dai sauka. Fasinjojin babban jirgin suka kwashi jakunkunansu suka wuce, yawancinsu ba su ma san me ya faru ba.

Masu bincike suka saurari muryoyin da aka naɗa, suka ce ba shi da laifi. Shugabansu har da kama masa hannu yana cewa, "Ka ceci rayuka, Kyaftin." Matar hasumiya aka ce aiki ne ya yi mata yawa, aka mayar da ita ofis. Maginin kuwa bai sake taka ƙafarsa ba. Likita ya ce ba mai iya rantsewa ko faɗuwar ce ta jawo, ko girgizar.

Kyaftin ya riƙa zuwa asibiti duba maginin, ya zauna bakin gado, su gaisa. Wata rana matar maginin ta tare shi a ƙofa.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri ka daina zuwa. Ba mu ce kai ne ba. Amma duk ranar da ka zo, ba ya iya cin abinci."

Ya ce, "To," ya juya.

Ya koma tashi da jirgi, amma ba kamar da ba. Duk abin da aka faɗa a rediyo sai ya ce, "Hasumiya, a maimaita," har sauran matuƙa suka fara ƙorafi. Rannan ya ga gajimare a gabansa ya kasa shiga, ya yi ta kewaye har mai ya kusa ƙarewa. Da ya sauka, da kansa ya je ya ajiye makullin jirgin, ya bar aikin.

"Haba maigida," in ji matarsa, "mutane fa cewa suke jarumta ka yi."

"Mutane ba sa cikin jirgin," ya ce, ya ja filo ya juya mata baya.

Wani tsohon abokin aiki ne ya samo masa tuƙin bas. Bayan wasu shekaru aka sake yin irin wannan kusan-karo, sai hukumar filin ta hana ƙananan jirage sauka gaba ɗaya. Ƙungiyar ta sayar da nata, marasa lafiya suka koma bin hanyar mota, rumfar ta zama ma'ajiyar kwalaye.

Da 'yarsa da ke aure a nesa ta haihu, ta aiko masa da tikitin jirgi. Ya mayar mata, ya hau mota, ya isa ƙafafunsa a kumbure.

"Baba, wai har yanzu?" ta tambaya tana jiƙa masa tawul da ruwan ɗumi.

"Miƙo min jikan nawa in gan shi," ya ce.

Yanzu idonsa ya fara rauni, shugaban direbobi ya riga ya gaya masa ba zai ci gwajin ido na bana ba. Matarsa ta ce ai gara haka, sai ya huta. Ya goge takalmansa, ya ɗauki hularsa ya fita, don akwai jirgin safe da za a kai wa fasinjoji.