Hanyar da Muka Bar wa Masu Ita

Ni da keke mun rabu baram-baram tun kafin in taka Amurka. Shekara da shekaru ina jan tasi a Washington, kuma har yau in na hango mai keke a gabana sai in sassauta, in ba shi fili kamar na ɗauko ƙwai. Na baya su yi ta danna mini oda. Su danna, ba su ga abin da na gani ba.

Sai Allah, da ikonsa, ya haɗa ni da suruki ɗan keke. Mijin 'yata ta fari ne, yaro mai ladabi, iyayensa mutanen Kumasi, shi kuwa nan aka haife shi. Yana jin Hausa, amma in zai amsa sai bakin ya karkace ya koma Turanci. Yana da mota, matarsa na da mota, amma duk Asabar sai ya shiga wani wando kamar da ludayi aka zuba shi a ciki, ya kifa rabin ƙwarya a ka, ya yi ta bin bakin rafi nan Takoma Park. Ba saƙo yake kaiwa ba, ba wani yake ɗaukowa ba. Na ce wa 'yar tawa, "Ke, wai wa ke aiken mijin nan naki?" Ta ce, "Baba, motsa jiki ne." Na ce mu a zamaninmu yunwa ke motsa mu.

Wata Lahadi suka zo cin tuwo. Ana cikin ci ta miƙo mini wayarta, fuska cike da murna, wai za su hutu kudancin Sifen. Wai akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire ƙarafanta aka daddale, ta ratsa gonakin zaitun, keke kaɗai ke binta, mota ko ɗaya ba ta hawa. Na laluba tabarau, don ni karatuna a aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ya ƙare, kuma malamin ya fi ni murna da rabuwar. Hoto dai ba ya buƙatar boko. Ina turawa da yatsa, zaitun, zaitun, Turawa na dariya, sai ga wata gadar ƙarfe mai dogayen ƙafafu, ƙarƙashinta kwalta ta yi kwana.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na san gadar nan.

Yaran nan abin da suka sani shi ne babansu ya taɓa aiki a Turai. Haka nake faɗa, ina gyara hula, kowa ya ɗauka ofis ne. To ga ofishin: gora a hannu, raga a ƙasa, kana dukan reshe zaitun na zuba, sanyi na cin yatsunka. Mu baƙaƙen fata ne cike da wani kangon gida a bayan gari, mai takardun zama a cikinmu mutum ɗaya ne tak. Kekunanmu daga bola muka tsinto su. Nawa birkinsa tafin takalmina ne. Da su muke zuwa gona, a gefen kwaltar nan ta ƙarƙashin gada, kamyo, babbar motar kaya, na wucewa yana kaɗa mu kamar tsumma a igiya.

Hanyar bisa kuwa muna ganinta kullum. Daga bayan kangonmu ta fara, fes da ita, ta bi ta kan gada har gindin gonakin da muke aiki. Amma a bakinta an kafa turaku na ƙarfe, ga allo shuɗi da hoton keke da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu. A garinmu kuwa, hanyar da aka share, aka kafa wa turaku, mota ba ta bi, ai ka san ta barikin soja ce ko ta gidan babban mutum. Dattijon cikinmu, wanda ya riga kowa zuwa, ya ce ta 'yan tsere ce da baƙi masu yawon buɗe ido, duk wanda ya hau jandarma za su tambaye shi takardu. Shi ma haka ya tarar ana faɗa. Muka bar wa masu ita.

Ina da amini a wurin, Bazabarme, ni kuwa Bagobiri, kun san wasan da ke tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana". In muka zo ƙarƙashin gadar sai ya ɗaga kai ya dubi masu wucewa a bisa, ya ce, "Bawana, ranar da na samu takardu, da babbar riga zan hau hanyar can, kai kana biye da ni a ƙasa riƙe da takalmana." In ce, "Bazabarme a bisa gada? Ai sai ta karye don baƙin ciki."

Wata la'asar muna komowa, rana ta sauko daidai ido. Aminin nawa yana gabana kaɗan. Kamyo ɗauke da zaitun ya shawo kwanar, ya kwashe shi. Direban ya tsaya, ya fito ya ɗora hannu a ka yana kuka, ban ce mugu ba ne. Da aka ji jiniya, mai takardun nan ya ce mu ɓace shi zai tsaya, muka watse cikin itatuwa kamar zabi. Daga baya aka ce an kai aminin nawa wani birni mai maƙabartar Musulmi. Wurin da ya faɗi kuwa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ɗaga hannu. Kwanar ba ta tsayuwa ba ce.

Duk wannan na zazzage musu a kan tuwo. Uwarsu ta sani, ta tashi ta shiga kicin. Surukina ya yi ta latsa waya, can ya yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa. Na ce, "Me ya ce?" Ta haɗo Hausarta mai ɗingishi: "Baba, hanyar ta kowa ce. Ba a tambayar komai. Allon nan cewa yake, masu keke ku bi nan."

"Yanzu dai."

"Tun lokacin, Baba."

Na yi dariya har da tari, don in ban yi dariya ba ban san me zan yi a gaban suruki ba. Ƙartin maza cike da gida, mun ƙetare Sahara, mun ƙetare teku, hoton keke a allo ya gagare mu.

Ban taɓa roƙon yarinyar nan komai ba. Ran nan na ce in sun kai gadar ta tsaya ta karanta wa mutumina Fatiha. Na san su da mantuwa in sun ga wurin ɗaukar hoto, shi ya sa na maimaita har ta ce, "Na ji, Baba."

Ranar da suka kai gadar ina fake da hantsi a unguwar ofisoshin jakadanci ina jiran fasinja, waya ta yi ƙara. Ga fuskarta da rabin ƙwarya a ka, gyale a ƙarƙashi, iska na busawa. Ta juya wayar ƙasa. Kwanar na nan yadda na bar ta, kwaltar ce kawai aka sabunta.

"Baba, akwai 'yar gangara, in sauka in tsaya daidai wurin?"

"Kada ki kuskura! Yi daga nan, Allah na ji daga bisa."

Ta karanta, mijin ya cire ƙwaryarsa ya tsaya a gefe, ni ina binta a cikin mota. Ban gyara mata ko harafi ɗaya ba. Muna shafawa ke nan na hango wani abu na tafe a gefen kwaltar. Baƙin mutum ne a kan wani kwarababben keke, da gorar ruwa ɗaure a baya, kamyo na bin sa.

Na daka tsawa har mai wucewa ya leƙo tagata. "Ke, kira shi! Ce masa ya hau bisa! Ce masa ta kowa ce!"

Ta leƙa ta kan ƙarfen gadar tana ɗaga hannu, tana kira da Turanci, da Hausa, da abin da ta tsinta na yaren ƙasar. Mijin ma ya kama kira. Mutumin ya ɗaga kai. Ya ga mutum biyu a bisa gada, da hular kwano da riguna masu ƙyalli, suna nuna shi da hannu, ɗaya riƙe da waya. Na san abin da ya gani, ni ma shi zan gani. Ya sunkuyar da kai, ya ƙara wuta, ya shige ƙarƙashin gadar.

"Baba, bai tsaya ba."

Na ce ta juya wayar ɗaya gefen. Ta juya. Muka jira, ni da ita, har ya ɓullo da ransa, kamyon ya goge shi da iska ya wuce. Sannan na ce su hau kekensu su tafi, hanya tasu ce.