Karyar da Ta Raba Mana Gardama

Shekarar da na yi aure ce gwiwar Baba ta fara hana shi tafiya mai nisa, sai kiwon tumakin gidanmu ya dawo hannuna. Su ashirin ne, yawancinsu farare 'yan ƙasa, da uda guda uku. A wajenmu, tsakanin Bici da Watari, gona manne take da gona, babu dajin da za a saki dabba ta yi yadda ta ga dama. Da damina a turke suke, mu yanko musu ciyawa. Sai an gama kaka ake sakinsu su bi karmami da ragowar harawa, kuma daidai lokacin ne masu lambu ke dasa albasa da tumatir a bakin ruwa. Tunkiya ɗaya ta faɗa lambun mutum, to ranar a ƙofar mai unguwa za ku wuni.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke sauka da shanunsa a gonarmu kowane rani, su ci kara su bar mana taki. Abokin Baba ne tun suna samari. A waccan shekarar ya ga yadda nake fama, ina tare na gabas na yamma suna ɓallewa. Ranar da zai tashi ya kira wata 'yar karya daga cikin karnukansa ya ce in riƙe ta. Ba ta fi wata takwas ba. Ya ce uwarta da kakarta duk tumaki suka bi, kada in doke ta, kada kuma in koya mata wasa.

Inna ba ta so ba. Ta ce kare ba zai tsallaka mata zaure ba. Baba ya tuntuɓi limamin garinmu, ya ce na kiwo babu laifi, a dai kiyaye kwanuka da wurin salla. Aka ware mata wani tsohon kasko a gindin darbejiyar da ke bakin garke, nan take cin ƙanzo da dusa da tsala. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa zauren ba. Inda tumaki suke, nan take.

Duk wanda ya gan ta a kwance ba zai ɗauke ta a bakin komai ba. Launinta na jar ƙasa ne, da fari a ƙirji da kan ƙafafun gaba. Gashinta gajere, ƙaya ba ta kama shi. Ƙirjinta mai zurfi, cikinta a ɗame, har baƙi kan zarge mu da barinta da yunwa. Ƙafafu dogaye sirara, bindi a naɗe kamar gammo, kunnen dama a tsaye, na hagu ya ɗan karye daga sama. Sai ta miƙe ta fara tafiya mutum zai gane an gina jikin nan ne domin aiki. Ba ta sukuwa sai da dalili. Sassarfa take, ta wuni a kanta ba ta haki.

Halinta ya fi kamanninta ban mamaki. Ba ta haushi. Karnukan garinmu ko akuya ce ta yi atishawa sai sun tashi unguwa, ita kuwa da ido take aiki. Idan tunkiya ta nufi lambu, sai ta zagaya ta sha gabanta, ta sunkuyar da kai, ta kafe ta da idanun nan nata masu ruwan zuma. Tunkiyar ta buga ƙafa sau ɗaya, sau biyu, ta juya. Ban taɓa ganin haƙorinta a jikin dabba ba. Ba ta son a shafa ta, ba ta karɓar abinci a hannun baƙo, yara suka gaji da tsokanarta suka bari. Fito biyu kawai na koya mata, dogo na tarawa, gajere na tsayawa. Sauran duk da shi ta zo.

A rani na uku muka rasa wani ɗan rago fari mai baƙin zobe a idon hagu. Ranar ina fama da zazzaɓi, aka bar tumakin a garke, ita ma tana wurin, amma da aka ƙirga da yamma babu shi. Baba ya ji zafin abin ƙwarai, don shi ya ware domin layyarsa.

Bayan mako biyu na kai tumaki mashaya, na tarar da wani Alhaji maƙwabcinmu, mai fataucin dabbobi, yana shayar da nasa. A cikinsu na hango ɗan rago fari mai baƙin zobe a idon hagu. Na tambaye shi, ya ce a kasuwar Rimin Gado ya saya. Na koma gida na ɗauko Baba a babur. Yana sauka ya zagaya ragon, ya duba ƙaho, ya shafa gadon baya, ya ce nasa ne, a hannunsa aka haife shi. Alhaji ya ce shi bai taɓa sayen kayan sata ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Masu ban ruwa suka ajiye fatanyu suka matso. Wani ya ce a tafi wajen mai unguwa.

Baba ya ce, “Ba sai mun je ba, Alhaji. A gwamutsa naka da nawa, karyar nan ta fitar da nata. In ta ɗauke shi nawa ne, in ta bar shi na bar maka.”

Alhaji ya dube ta tana kwance a inuwa, ya ce ya yarda.

Muka haɗe garken biyu, sun kusa hamsin, muka bari suka cakuɗe sosai. Na yi dogon fito. Ta tashi ta zagaya su sau ɗaya a hankali, sannan ta kutsa tsakiya. Ɗaya bayan ɗaya take zaro namu, ta kai su gindin wata giginya ta dawo. Wata tsohuwar udarmu mai taurin kai ta so ta bi na Alhaji, ta tsaya mata a gaba har ta haƙura. Da suka cika goma sha tara ta koma gefensu ta kwanta. Ɗan ragon yana can cikin na Alhaji, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ni ban haƙura ba. Na kamo shi da hannuna na tura shi cikin namu. Ta miƙe, ta shinshina shi, ta ratsa tsakaninsa da sauran, ta raka shi har wajen 'yan uwansa kamar mai rakiyar baƙo.

Baba ya daɗe yana kallon ragon, sannan ya miƙa wa Alhaji hannu.

“Idona ne ya tsufa. Ka yafe mini.”

Alhaji ya ce babu komai, kama ce, shi ma da zai rantse. A hanyar gida na ce wa Baba wataƙila warin garken Alhaji ne ya rikita ta. Ya ce in daina, shi da bakinsa ya sa ta alƙalanci, ba zai tsige ta don ta kayar da shi ba. Namu ragon har yau ba mu san inda ya shiga ba. Da Salla ta zo, wani ragon daban Baba ya yanka.

Labarin ya zagaya ƙauyuka, har mutane suka riƙa tsayawa a bakin hanya su ga yadda take aiki. Alhaji da kansa ya zo ya roƙi a ba shi ɗa idan ta haihu. Da damina ta haifi huɗu, Baba ya zaɓar masa mafi girma, wani ja mai faffaɗan kai. Ya tashi ƙato, kyakkyawa, ga murya, sai dai ko kusa bai gaji uwarsa ba. Da ya ga tumaki sai ya afka musu da haushi su watse. Alhaji ya gwada shi wata uku, ya gaji, ya ɗaure shi a lambunsa na albasa, inda ya shekara bakwai yana korar awakin mutane.