Ranar da Ummi Ta Toshe Kunne

Kai jama'a, yau a aji sai da tsigar jikina ta tashi, wallahi! Bari in faro daga farko.

Muna yara a Gyaɗi-Gyaɗi, kakarmu Inna kan yi mana tatsuniya bayan Magariba, a bakin murhu, tana juya miya. Sai sanƙarau ya kama ƙanwata Ummi. Ta warke, amma ta kurumce. Tun daga nan, da an shimfiɗa tabarma sai ta shige ɗaki ta haɗa kai da gwiwa.

Ran nan Inna ta ce min, "Kai maigidan, raggo kawai, tashi ka ɗauko min ƙawata. Ba ita, ba tatsuniya."

Na jawo ta tana tirjewa. Inna ta ajiye ludayi ta fuskance ta. "Ga ta nan, yau da ido za a ji."

Wai wani ɓarawo ne ya bi gari ya kwashe duk wata ƙara ya ɗura a tulu, har wata yarinya ta fasa tulun da dutse, duk ƙarar ta watso waje. Daga nan Inna ta tsuke baki, sai hannu. Ta yi daka ba turmi. Ta yi tuƙin adaidaita tana jijjiga. Ummi ko gezau. Sai Inna ta miƙe, ta damƙi iska, ta ja a hankali, yadda ake jan ƙyauren gidanmu mai tsatsa.

Ummi ta toshe kunne da sauri. "Wayyo Inna, haƙorana!"

Wadda ba ta ji fa! Inna ta yi dariya har da hawaye. Ummi ba ta ƙara ɓuya a ɗaki ba.

To yau lakcara ya hasko mana hoton ƙwaƙwalwa, ya ce in ka raya sauti a ranka, wajen da ke kula da ji yana farkawa, ko da kunne bai kawo komai ba. Ashe ƙarar tana nan a ajiye, Inna taɓo ta kawai ta yi. Allah mai iko!

Ta ƙarƙashin benci na danna wa Ummi mesej: "Ke, da gaske kin ji ƙyauren nan?"

Nan take ta maido: "Sai yau ka sani? Ko wannan mesej ɗin da muryarka nake karantawa."

"Wacce murya?"

"Taka mana. Siririya kamar ta sauro, hhhh."

Ni da nake jan sallah a hostal da muryar basamude! Ummi ba ta taɓa jin wannan ba. A cikin kanta har yanzu ɗan firamare ne ni, ina kwaɗa mata kira ta zo ta zauna.