Maganar Rawanin Baba a Hanyar Hatta

Mun tashi da asuba daga unguwar Al Nahda a Dubai ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku: ni, da Baffa ƙanin mahaifina wanda ya zo daga gida, sai abokina bakanike a Ras Al Khor da ya ɗauke mu a motarsa. Hatta muka nufa, garin duwatsu da ke kusa da iyakar Oman. Baffa ya ce ganin likitan ido ya kawo shi Dubai, amma tun a filin jirgi na san akwai wata magana. Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, dagacin garinmu, har yanzu ba a naɗa kowa ba. Ni ne kuma babban ɗansa namiji.

Kafin mu bar gari muka tsaya wurin wasu Indiyawa masu shayi, muka sayi karak, shayin madara mai kauri, kofi dirhami ɗaya. Baffa ya kurɓa ya ce sukarin nan ya isa mutum uku, sannan ya shanye ya nemi ƙari. Titi shimfiɗe, ko rami ɗaya babu. Ya ce irin wannan hanya ce ke sa direba gyangyaɗi, mu a can ramuka ke tashinmu. Dogayen gine-gine suka ƙare, muka shiga jan yashi da raƙuma a bayan shinge, can kuma baƙaƙen duwatsu suka fara tasowa.

A gefen hanya Baffa ya ga babban allo da hoton sarki, ga wani mai ƙarancin shekaru kusa da shi. Ya tambaya, abokina ya ce yarima ne mai jiran gado. Ya bayyana masa cewa a nan sarki tun yana da rai yake nuna magajinsa, kuma sarakunan masarautu bakwai ne ke zaɓen shugaban ƙasa a tsakaninsu, haka tsarin mulkinsu ya tanada. Da yake mutum ne da rediyo ba ya mutuwa a garejinsa, sai ya ƙara da na Ingila, inda majalisa ke yin doka, sarki sa hannu kawai yake yi.

Baffa ya yi murmushi ya ce, "To ai yayana ke nan. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da baitulmali, komai yana hannun ciyaman. Amma ka taɓa ganin an kai wa ciyaman rigimar iyakar gona?"

Mun isa madatsar ruwan Hatta da hantsi. Ruwan kore shar tsakanin duwatsu, masu yawon buɗe ido suna ta tuƙa ƙananan kwale-kwale. Na ce wa Baffa mu shiga ɗaya, ya ce shi da ya tsallake teku a jirgin sama ba zai zo ya nutse a tafki ba.

Daga nan muka je tsohon ƙauyen da aka gyara don baƙi. Gidajen laka da dutse ne, rufin itacen dabino. Akwai wani ɗaki mai gajeriyar ƙofa inda aka ce dattawan garin ke zama a da, da tabarmi da matasai jingine da bango. Ina sunkuyawa na shiga, ƙamshin ƙasa ya buge ni, sai ga zauren Baba a idona. Bayan la'asar, yana zaune a kan buzunsa, mutum biyu suna ta musu a kan rijiya. Ba ya katse kowa. Sai sun gaji da kansu yake tambayar lafiyar iyayensu, ya tuna musu wanda ya haƙa rijiyar, magana ta mutu. Ban san na jima a tsaye ba sai da Baffa ya ce in zauna.

"Dattawa sun aiko ni," in ji shi. "Gidanku ake jira."

Na ce, "Baffa, shekara goma sha biyu ina ɗakin gwajin jini a asibiti. Ban san iyakar gonar kowa ba. Ƙanena ne ya zauna gefen Baba duk tsawon lokacin nan."

"Mun sani. Amma ya ce ba zai hau buzun ba sai ka buɗe baki. Ga shi wasu cikin dangi sun fara zarya gidajen 'yan siyasa da wani suna. In ba mu kai suna ɗaya ba kafin ƙarshen wata, a ofis za a zaɓa mana."

Na ce to in kira su a waya. Ya girgiza kai. "Ka zo zaure ka faɗa, kowa ya ji da kunnensa."

Bayan azahar muka ci shinkafar mandi da naman rago, muka sayi zumar dutse kwalba biyu tsarabar Inna, muka kamo hanya. Cunkoson iyakar Dubai da Sharjah ya tare mu, muka shiga gida dab da magariba.

Na fita da niyyar nuna wa Baffa ƙasar mutane, sai na dawo da fahimtar tamu. Na gane cewa sarautar da ba ta da ƙarfin hukuma, yardar jama'a kawai take riƙe da ita, kuma wurin gado ne ta fi saurin tsinkewa. Ban taɓa tunanin shiruna ma yana cikin abin da ke jan ta ba.

An ba ni hutun mako biyu a wurin aiki, ranar Laraba za mu tafi tare da Baffa. Abin da zan faɗa wa dattawa gajere ne, na riga na tsara shi. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na bayansa: in durƙusa gaban ƙanena, wanda ni na koya wa hawan keke, in ce masa "ranka ya daɗe." Tun jiya nake gwadawa a ɗaki, har yanzu muryata ba ta kai ƙarshen kalmar.